Labarin Majalisar Masu Barin Giya da Yadda Ake Nemanta

Ka sani, ya kai mai karatu, hukuncin giya bai ɓuya ga kowa ba, ɗan makarantar allo ma ya san shi balle malami. Abin da ya ɓuya ga jama'a shi ne halin mutumin da ya san hukuncin sarai, ya yi nadama, ya rantse ya bari ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, amma da magariba ta yi sai ƙafarsa ta ɗauke shi ta kai shi inda ya rantse ba zai koma ba. Irin wannan mutum ba a rasa shi a gari. Akwai shi cikin fatake da direbobi da ma'aikatan gwamnati, akwai shi har a gidajen da ake ganin girmansu. Wa'azi ya ji shi, zagi ya sha shi, matarsa ta yi yaji ta dawo har ta gaji. Wannan labari dominsa ne, da kuma domin wanda nauyinsa ya hau kansa, ko uba ne, ko wa, ko ubangida a kasuwa, ko malamin unguwa wanda ake kai wa kuka bayan sallar lisha.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdiga a 2024, ta ce a cikin shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600, kuma akwai wajen mutum miliyan 209 a duniya waɗanda sabon giya ya ɗaure su. Daga shekarar 2000 jihohi 12 na Arewacin Nijeriya suka bi juna wajen ɗaukar dokokin shari'a, aka rufe mashaya, aka fasa kwalabe. Amma wanda jarabar ta riga ta kama, rufe mashaya ba ya kwance shi, sai dai ya ƙara ɓuya, ya sha shi kaɗai, ya ji kunyarsa shi kaɗai. To, a ƙasashe da yawa akwai wata dabara wadda masu irin wannan ciwo suka gano da kansu, watau su riƙa haɗuwa a ɗaki guda cikin sirri suna riƙe juna. Ga asalinta, da abin da ake yi a cikinta, da hanyar da mutum zai bi ya same ta.

Baƙo a Garin Akron

A birnin Niyok na ƙasar Amurka an yi wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson. Mutum ne mai wayon ciniki, ya taɓa tara dukiya, amma kasuwa ta faɗi, giya ta ƙarasa abin da ya rage, har ya zama matarsa Lois ce ke aiki a kanti tana ciyar da gida. An kwantar da shi a asibitin mashaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Likitan wurin, William Silkworth, shi ya gaya masa cewa ciwonsa mai fuska biyu ne: akwai zuciya da ke tunzura shi ga kurɓin farko, akwai kuma jiki wanda in ya sami kurɓin farko ba ya ƙoshi. Ran 11 ga watan Disamba, 1934, ya yi shansa na ƙarshe. Daga nan ya shiga bin mashaya yana yi musu wa'azi, wata biyar bai shiryar da ko mutum ɗaya ba. Da ya koka wa matarsa, sai ta tuna masa cewa ai shi kansa bai sha ba duk tsawon watannin nan. Likitan kuwa ya ba shi shawara ya bar wa'azi, ya riƙa ba su labarin ciwon da labarin kansa.

A watan Mayu na 1935 ciniki ya kai shi Akron, garin masu yin tayar mota a jihar Ohayo. Cinikin ya watse, abokan tafiyarsa suka koma gida, suka bar shi a wani otal mai suna Mayflower ran Asabar 11 ga wata, aljihu ba nauyi. Kowane falke ya san ɗacin irin wannan yini, ga asara, ga baƙunta, ga ba wanda ya san ka balle ya ga abin da ka aikata. A gefe ɗaya na zauren otal ɗin akwai mashaya, ana ta raha, a ɗaya gefen kuma akwai allo mai sunayen majami'un garin da limamansu, ga wayar tarho kusa. Ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu. Can sai ya tuna abin da ya tsare shi wata biyar, watau magana da mashayi ɗan'uwansa. Ya buga waya ga wani limamin Kirista mai suna Walter Tunks, ya ce shi baƙo ne kuma mashayi, yana neman wani mashayi da za su yi magana. Limamin ya ba shi sunaye wajen goma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ba ya nan, wancan ba shi da sukuni, har aka haɗa shi da wata mata, Henrietta Seiberling, wadda ta san wani likitan fiɗa mai suna Bob Smith da giya ta kusa raba shi da aikinsa.

A ranar likitan ya yi tatil, bai iya fitowa ba. Kashegari Lahadi matarsa Anne ta matsa masa, ya yarda bisa sharaɗin ba zai wuce minti goma sha biyar ba. Suka haɗu da ƙarfe biyar na yamma, ba su rabu ba sai bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Baƙon bai yi masa faɗa ba, ya nuna masa ma shi ne mai bukata, domin in bai sami wanda zai yi wa magana ba shi ma sha zai yi. Likitan ya bayyana daga baya cewa ilimin ciwon ba baƙo ba ne gare shi, abin da ya kama shi shi ne bai taɓa haɗuwa da mutumin da ya san abin daga jikinsa ba sai ran nan. Duk da haka ya sake zamewa, ya tafi taron likitoci ya komo a buge. Ranar da ƙungiyar ta riƙe ta shansa na ƙarshe ita ce 10 ga watan Yuni, 1935, ita ce kuma take ƙidaya ranar kafuwarta. Bai sake sha ba har ya rasu a 1950.

Su biyun suka tafi asibitin garin suka sami wani lauya a kwance, ya zama na ukunsu. A 1939, suna wajen mutum ɗari, suka buga littafi mai suna Alcoholics Anonymous, sunan da ya zama na ƙungiyar, a taƙaice AA, ma'anarsa mashayan da ba a faɗin sunansu. A watan Maris na 1941 wata babbar mujallar Amurka ta buga labarinsu, wasiƙu suka yi ta kwarara, kafin ƙarshen shekarar suka tashi daga 2,000 zuwa 8,000. Abin ya kai Afirka ta Kudu a 1946, ya kai Ingila a 1947. Bisa ga lissafin ƙungiyar, mutanenta sun kai wajen miliyan 2 a ƙasashe kusan 180. Duk wannan daga baƙo guda ne wanda ya danne kunya ya yi tambaya, kuma bai fasa ba don na farko da na biyu ba su amsa masa ba.

Abin da Ake Yi a Majalisar

Majalisar ba ta da wani ƙawa. Ɗaki ne da kujeru, sau da yawa da shayi ko gahawa, a zauna kamar sa'a guda. Mai shugabantar zaman ɗaya ne daga cikin mashayan wanda ya daɗe bai sha ba, shugabancin kuwa karɓa-karɓa ne. Akan karanta wani abu daga littafinsu, sa'an nan mai son magana ya faɗi sunansa na yanka kaɗai, ban da na uba ban da na gari, ya ce shi mashayi ne, ya ba da labarin yadda yake a da, da abin da ya same shi, da yadda yake yau. A galibin majalisu ba a katse mai magana, ba a kuma mayar masa da martani. Baƙo in ya ga dama ya yi shiru har a tashi, ba mai tilasta shi. Babu kuɗin shiga, ba a tambayar takardar shaida, abin da aka ji a ɗakin kuma a ɗakin ake barinsa. Sharaɗin zama ɗan majalisa ɗaya ne tak, watau mutum ya kasance yana son ya bar sha.

Zaman iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda kowa ke iya halarta ya saurara, ko dangi ne ko malami ko likita. Akwai kuma rufaffe, wanda ba mai shiga sai mai ciwon. A manyan garuruwa akan sami na mata zalla da na maza zalla.

Sabon shiga ba a ce masa ya rantse ya bari har abada, domin rantsuwar nan ya sha yin ta. Ce masa ake yi ya tsare yau kaɗai, daga wannan asuba zuwa waccan, gobe kuma sai ta zo. Akan ba shi shawara ya yawaita zuwa a farkon lamari, wasu ma sukan ce zama casa'in a kwana casa'in, ya kuma zaɓi jagora daga cikin waɗanda suka daɗe da bari, mutumin da zai buga wa waya in sha'awar ta taso masa kafin ya kai hannu ga kwalba. Jagoran ba lada yake karɓa ba, ribarsa ita ce irin wadda Bill Wilson ya samu a Akron.

Batun kuɗi kuwa, akan zagaya da kwando kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa domin hayar ɗaki da shayi, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba. Tun farko sun so su gina asibitoci, suka nemi taimakon attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami. A 1938 ya ba su dala 5,000 kaɗai, don yana ganin kuɗi mai yawa ɓata abin zai yi. Ransu bai so ba a lokacin, amma daga baya suka ga gaskiyarsa, har a babban taronsu na birnin Cleveland a 1950 suka tabbatar da ƙa'idoji goma sha biyu, ciki har da cewa ba su karɓar kuɗin wanda ba nasu ba, ba su kuma shiga gardamar siyasa ko ta addini. Wannan ma'auni ne mai amfani ga mai nema. Duk wurin da ya kira kansa da wannan suna, sa'an nan ya yanka wa mutum kuɗi, ko ya sayar masa da magani, ko ya ɗauki hotonsa, ko ya kulle shi, to ba shi ba ne.

Tambayar da Malami Zai Yi

Malami zai tambaya, kuma yana da gaskiya, shin ya halatta Musulmi ya zauna a irin wannan wuri? Ya kamata a faɗi abin yadda yake. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun taso ne daga wata ƙungiyar Kiristoci mai suna Oxford Group, suka rabu da ita tsakanin 1937 da 1939, suka tsaya ba su ƙarƙashin kowane addini. Matakansu goma sha biyu suna ambaton Allah, amma sun bar kowa da aƙidarsa. Majalisu da yawa suna hayar ɗaki a harabar majami'a saboda arha, wasu kuma sukan rufe zama da addu'ar Kirista, wanda bai so ba ya yi shiru, ba mai ce masa don me.

Wanda ya san sharuɗɗan tuba, in ya duba matakan nan, zai ga abin da ya sani. Akwai amsa cewa abin ya fi ƙarfin mutum, da miƙa lamari ga Ubangiji, da yi wa kai hisabi ba tare da ha'inci ba, da rubuta sunayen waɗanda aka cuta a mayar musu da haƙƙinsu, sai fa inda mayarwar za ta jawo wata cuta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwa wanda ya cinye uwar kuɗin ubangidansa a mashaya.

Wurin da ake tsayawa shi ne faɗin laifi ga mutum, alhali an hori wanda Allah ya suturta ya suturta kansa. Amma akwai bambanci tsakanin mai bayyana saɓo don alfahari da mai bayyana ciwo don neman magani, kamar yadda majinyaci ke buɗe wa likita abin da ba ya buɗe wa kowa. Ɓoye suna da riƙe asiri da majalisar ta ginu a kansu sutura ce. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Musulmi ba su zauna ba su ma. A 1989 wasu Musulmin birnin Baltimore na Amurka suka kafa ƙungiya mai suna Millati Islami, suka gyara matakan nan bisa Alƙur'ani da Sunna, suna yin zamansu a masallatai da kuma ta intanet. Akwai kuma ƙungiyar masu barin ƙwaya, Narcotics Anonymous, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1953 bisa wannan tsari. Ta yi ƙarfi a ƙasar Iran tun shekarun 1990, har ana yin dubban zama a kowane mako. Wanda kuma ya fi son inda ba a maganar addini sam, akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994, wadda ke koyar da dabarun sarrafa sha'awa.

Likita Tukuna

Kafin a kai ga nema akwai gargaɗi wanda rai ya rataya a kansa. Mutumin da ya shekara yana sha mai yawa kullum, in ya tsaya farat ɗaya, jikinsa yana iya tayar masa. Daga sa'a 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe sai makyarkyata da gumi da amai da rashin barci su fara. A cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu hankalinsu kan gushe, su riƙa gane-gane da sambatu, jiki ya yi zafi, zuciya ta yi ta bugawa. Jama'a sukan ce iskoki ne, a kulle mutum a ɗaki ana turare, alhali wannan hali yana kisa in ba a kai asibiti ba. Likita yana da maganin da ke kwantar da jiki na 'yan kwanaki, da sinadarin bitamin B1 mai tsare ƙwaƙwalwa, da magunguna irin su naltrexone masu rage sha'awar sha. Saboda haka duk wanda ke farkawa da rawar hannu wadda ba ta lafawa sai ya kurɓa, ko wanda ya taɓa faɗuwa da ya bari, kada ya bari shi kaɗai, ya ga likita tukuna. Majalisa ba asibiti ba ce, ita kanta haka take faɗi, kuma ba ɗan majalisar da ke da ikon hana mutum shan maganin da likita ya rubuta masa.

Mari da bulala ma ba su warkar da wannan ciwo. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya, waɗansunsu kuwa iyayensu ne suka kai su da kansu don neman shiriya. Iyayen nan rasa wurin zuwa ne ya kai su can.

Hanyoyin Nema

Falke in ya sauka garin da bai sani ba, ba ya tsayawa tsakiyar kasuwa yana shela, zango yake nema ya tambayi mai masauki. Haka neman majalisar nan yake, ba ta da allo a bakin titi, sai an san wanda za a tambaya.

Hanya ta farko ita ce asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Jos. A Abeokuta akwai asibitin Aro wanda ya daɗe da sashe na musamman domin masu shaye-shaye. Mutum ya tambayi likita ko ma'aikacin jinya ko jami'in walwala a fili, shin akwai zaman da waɗanda suka bar sha ke yi, a ina, wace rana, ƙarfe nawa. Zuwa irin wannan asibiti ba shaidar hauka ba ce, ma'aikatansa kuma aikinsu ya ɗora musu riƙe asirin majinyaci.

Hanya ta biyu ita ce wayar hannu. A rubuta sunan ƙungiyar da sunan gari ko ƙasa a intanet. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kamar Nijar da Kamaru da Chadi, sunan da za a rubuta shi ne Alcooliques Anonymes. Shafin ƙungiyar yana da jerin ofisoshinta ƙasa ƙasa. Akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna Meeting Guide, alamarta farar kujera a kan shuɗi, tana nuna zaman da ya fi kusa da mutum da lokacinsa. Sai dai tana nuna wuraren da aka ba ta jerinsu ne kaɗai, ta fi amfani ga wanda fatauci ko karatu ya kai shi Amurka da makamantanta, rashin ganin gari a cikinta bai nuna babu zama a garin ba. In an sami lamba, a buga kafin a tafi, domin jeri yakan tsufa, a sauya ɗaki ko rana. Wanda zai ɗauki wayar galibi shi ma tsohon mashayi ne, ba ya bukatar dogon bayani.

Hanya ta uku ita ce zaman da ake yi ta waya. Tun annobar korona ta 2020 majalisu masu ɗimbin yawa suka koma haɗuwa ta Zoom da makamantanta, da yawa kuma ba su fasa ba. Ana samunsu dare da rana, da Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna. Mutum yana iya rufe kyamara, ya sa sunan da ya ga dama, ya saurara daga cikin shagonsa ko motarsa. A lura da bambancin agogo tsakanin ƙasashe, a kuma sa abin ji a kunne don kada na kusa ya ji asirin wasu. Ga wanda ke zaune inda kowa ya san kowa, wannan ita ce ƙofa mafi sauƙi.

In an je zama na farko bai yi daɗi ba, kada a yanke hukunci. Kowace majalisa da halinta, kamar yadda kowane zaure da mutanensa, su da kansu sukan ce a gwada wurare dabam dabam kafin a zaɓa. A kuma riƙe hankali, domin majalisa taron majinyata ce. Kada a ba da rance, kada a karɓa, mace kuma ta nemi jagora mace.

In Babu a Gari

Akwai garuruwa da yawa da za a nema a rasa. Tun zamanin wasiƙa babban ofishin ƙungiyar a Niyok yana da tsarin haɗa waɗanda ke nesa da kowace majalisa, da ma'aikatan jiragen ruwa, suna rubuta wa juna. Bisa ƙa'idarsu kuma, mashaya biyu ko uku in suka haɗu domin barin sha, ba su jingina kansu ga wata hukuma ba, sun isa su kira kansu majalisa. Ba a bukatar izinin kowa. Abin bukata shi ne ɗaki mai sirri, da rana tsayayya wadda ba a saɓa ta ko mutum biyu ne suka zo, da alkawarin riƙe baki. Likitan da ke duba masu wannan ciwo yana iya haɗa mutum biyu in kowannensu ya yarda. Malami ko attajiri yana iya ba da aron zaure, amma in ya bayar ya tashi ya ba su wuri, domin mashayi ba ya sakin baki a gaban wanda yake jin nauyinsa.

Shin Tana Aiki?

A 2020 masana na ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, suka tattara bincike 27 da ya shafi mutum 10,565. Suka ga cewa cikin waɗanda aka bi da su ta tsarin da ke kai majinyaci ga majalisar AA, kimanin 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su kurɓa ba, waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin nasiha na asibiti kuwa kimanin 35 cikin ɗari. Lissafin nan yana nuna amfani, yana kuma nuna cewa fiye da rabi sun sake taɓawa a cikin shekarar. Zamewa tana cikin halin ciwon, likita Bob ma ya zame. Wanda ya zame abin da ake so gare shi shi ne ya koma zama na gaba ya faɗi gaskiya, ba wanda zai yi mamaki a ɗakin.

Iyalin mashayi su ma suna da tasu majalisa mai suna Al-Anon, wadda Lois matar Bill Wilson da wata abokiyarta suka kafa a 1951, ana kuma nemanta ta hanyoyin da aka ambata. A can ake koya wa mata da uwa cewa ba su suka jawo ciwon ba, ba su kuma da ikon warkar da shi da kuka ko da ɓoye kwalba.

Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, ana tsayar masa da haddi. Ran nan wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. To, ya kai malami, ya kai ubangida, in irin wannan mutum ya zo maka da dare ya ce ya gaji, ka sani tafiya mai nisa ya yi kafin ya buɗe baki. Kada ka tona shi, kada kuma ka sallame shi da nasiha kaɗai. Ka raka shi wurin likita, ka taya shi duba waya in ba ya karatun boko, ka ba shi kuɗin mota ranar zama, ka tambaye shi bayan mako guda ko ya je. In wurin farko bai yiwu ba a nemi na biyu, matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya rufa asirin bayinsa duniya da lahira.